Babur Mai Jaka: Rigimar Ado da Doguwar Tafiya a Titunan Amurka

A shekarar 1969 an yi abubuwa biyu a Amurka da suka raba masu son babur gida biyu. Na farko fim ne mai suna Easy Rider, inda Peter Fonda ya fito a kan wani babur da aka tuɓe shi tas: ba madigadin gaba, ba birkin gaba, tanki ɗan mitsitsi mai fentin tutar Amurka, tayar gaba kuma an miƙa ta can nesa. Na biyu bai yi amo kamar fim ɗin ba. Kamfanin Harley-Davidson ne ya fara sayar da wata faffaɗar garkuwar iska da ake ɗaurawa a gaban babban babur ɗinsa na tafiya, Electra Glide, wadda masu babur suka laƙaba wa suna fiffiken jemage saboda siffarta. Wancan gida na cewa a rage wa babur kaya har sai ya koma ƙashi da inji, don a gan shi a yi sha'awa. Wannan kuma na cewa a ƙara masa, don mutum ya wuni a kan hanya bai galabaita ba. Samari suka bi na farko, magidanta suka bi na biyu, aka yi shekara da shekaru kowa na yi wa ɗan'uwansa kallon hadarin kaji.

Babur ɗin da nake so mu duba ɗa ne ga gidajen nan biyu. A Amurka ana ce masa bagger, saboda akwatuna biyu masu tauri da ke rataye a gefen tayarsa ta baya kamar mangala a bayan jaki. Yana da garkuwar iska, da babban tanki, da kujera mai faɗi, da allon ɗora ƙafa a maimakon ɗan ƙarfen da aka saba da shi, duk gadon babur na tafiya. Amma an sauke masa babban akwatin baya da majinginar fasinja, an gajarta gilashinsa, an durƙusar da bayansa, an kuma yi masa fenti da ƙarfe mai ƙyalli irin na masu son a gani. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Tarihin wannan babur kusan dukansa ƙoƙari ne na tauna ado da doguwar tafiya a baki ɗaya, kuma abin da ya fi jan hankalina shi ne kusan duk matakin da aka ɗauka a gareji aka fara shi, a hannun makanikai da masu walda da masu fenti. Kamfani daga baya yake biyowa.

Sai an san ƙasar kafin a gane babur ɗin. Amurka ƙasa ce ta tazara. Tsohuwar hanyar nan mai lamba 66 da aka kafa a 1926 ta taso daga Shikago ta dire a Los Angeles, tafiyar kusan kilomita 4,000. A 1956 shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan tagwayen hanyoyi tsakanin jihohi, kimanin mil 41,000, miƙaƙƙu, shimfiɗaɗɗu, waɗanda mutum kan daɗe a kansu bai sha kwana mai tsanani ba. Mai bin irin wannan hanya abu uku yake nema a babur: nauyin da zai sa ya zauna daram idan tirela ta gifta, injin da ba ya gajiya, da abin da zai kare masa ƙirji daga iska.

Harley-Davidson, wanda aka kafa a Milwaukee ta jihar Wisconsin a 1903, a hankali ya bi wannan buƙata. A 1941 ya fitar da babban samfurinsa na FL mai inji cc 1,200. A 1949 aka sa masa shokazoba mai aiki da mai a gaba, aka kira shi Hydra-Glide. Bayansa kuwa har lokacin ƙarfe ne zalla, sai ɗan sifirin da ke ƙarƙashin kujera. Sai a 1958 aka sa shokazoba a baya, ya zama Duo-Glide. A 1965 aka sa masa sitata ta lantarki, ya zama Electra Glide. Duk wanda ya san yadda ƙato ke hawa kan kik da dukan nauyinsa kafin injin cc 1,200 ya tashi zai gane cewa wannan sauyi ya buɗe wa mutane da yawa ƙofa. Jakunkunan farko na fata ne, masu geza da ƙusoshin ado. A farkon shekarun 1960 kamfanin ya sayi kaso mafi rinjaye a wata masana'antar ƙera kwale-kwalen faiba da ke garin Tomahawk, daga nan ya samu ƙwarewar yin akwatunan faiba da garkuwar iska. Har yau a can ake yin wasu sassan jikin baburan da fentinsu.

Masu tuɓe babur su kuma tushensu ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu ne. Sojoji sun koma gida, kasuwa ta cika da baburan soja masu araha, sai matasa suka shiga cire duk abin da ba ya ƙara gudu: madigadi, gilashi, jaka. Daga rage nauyi aka koma sare firam da miƙa wuya, aka samu abin da ake kira chopper. Kayan aikinsu kuwa tsofaffin manyan baburan tafiya ne, musamman na 'yan sanda da ake gwanjonsu. Baburan Easy Rider ma daga gwanjon 'yan sanda aka samo su, kuma baƙaƙen fata biyu ne mazauna Los Angeles suka tsara su suka haɗa, Cliff Vaughs da Ben Hardy. An yi shekaru masu yawa duniya na kwaikwayon aikinsu ba tare da an ambaci sunansu ba. Ina ganin wajibi ne duk mai ba da wannan tarihi ya ambace su, domin haƙƙinsu ne.

A cikin kamfanin akwai mutum guda da ya buɗe ido sosai a kan abin da ake yi a gareji. Willie G. Davidson, jikan ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, ya kama aikin zanen babura a 1963, kuma mutum ne mai zuwa tarukan masu babur yana duba abin da suke yi wa baburan gidansu. A 1971 ya ɗauki firam da injin babban FL ya haɗa su da siririn gaban ƙaramin babur ɗin kamfanin, Sportster, ya fitar da Super Glide, wanda ake ɗauka a matsayin babur na farko da ya fito daga masana'anta da ado irin na gareji. Honda ma darasin da ta koya ke nan. Da ta fitar da Gold Wing a 1975, tsirara ta fitar da shi, ba garkuwa ba jaka. Masu saye suka riƙa ɗaura masa garkuwar Windjammer, wadda wani mai zane ɗan Amurka, Craig Vetter, ya fara sayarwa a 1971. Honda ta ga inda kuɗi ke tafiya, a 1980 ta fitar da Gold Wing Interstate da garkuwa da akwatunanta na kanta.

Shekarun 1970 ba su yi wa Harley daɗi ba. Kamfanin AMF da ya mallake shi daga 1969 ya ƙara yawan abin da ake ƙerawa, inganci ya faɗi, baburan Japan suka mamaye kasuwa. A 1981 manajoji 13, ciki har da Willie G., suka saye shi ya dawo hannunsu. A 1983 gwamnatin Reagan ta ɗora haraji mai nauyi a kan baburan waje masu inji sama da cc 700. A 1984 sabon injin Evolution ya dawo wa masu saye da amana. Ana cikin wannan tsaka mai wuya ne, a 1980, aka fitar da Tour Glide, wanda aka ɗora injinsa a kan roba don rage girgiza, aka kuma kafe garkuwarsa a jikin firam. Daga zuriyarsa aka samu Road Glide a 1998.

Abin da ya sasanta gidajen biyu, a ganina, shekaru ne. Saurayin da ya hau chopper yana ɗan shekara ashirin a 1970 ya kai hamsin a 2000. Bayansa ya fara ciwo, matarsa na son ta riƙa bin sa, aljihunsa ya yi nauyin da bai yi ba a da, kuma yana son zuwa Sturgis, taron masu babur da ake yi duk watan Agusta a jihar Dakota ta Kudu tun 1938, wanda na 2015 ya tara mutum sama da 700,000. Daga Kalifoniya zuwa can tafiyar kwana biyu ce ko uku. Yana buƙatar jaka da garkuwa, amma ba ya so ya yi kama da mahaifinsa. Masu gareji ne suka samo masa mafita. Arlen Ness na Kalifoniya, wanda ya yi suna da siraran babura masu fenti na ƙawa, yana cikin manyan da suka juya ga babura masu jaka suka shiga ƙera musu kayan ado. A 2006 Brian Klock na garin Mitchell a Dakota ta Kudu ya ci wata gasar haɗa babura ta talabijin da babur mai jaka, a fagen da aka saba ganin chopper.

A wannan shekarar ce ta 2006 Harley ya fitar da Street Glide. Babu sabon inji, babu sabon firam. Electra Glide ne aka sauke wa kaya: aka cire akwatin sama da ƙarin fitilun gaba da ƙarafan adon madigadi, aka yanke gilashi ya koma ɗan guntu mai duhu, aka mayar da madubai jikin garkuwa, aka rage tsayin baya. Abin da masu babur ke biyan makanikai su yi musu ke nan, sai ga shi a shagon dila da garanti. Ya zama gaba-gaba a cinikin kamfanin na tsawon shekaru, kuma kusan duk babur mai jaka da wani kamfani ya fitar bayansa da shi ake auna shi.

In kana son ka ga masu irin wannan babur sun yi musu har jijiyar wuya ta tashi, tambaye su inda ya kamata garkuwa ta zauna. A Street Glide a jikin ƙafafun gaba take, wato idan ka juya kan babur tare take juyawa, da fitila da agogon gudu da lasifika duka. Tana kusa da mai tuƙi, tana rufe masa hannuwa daga sanyi, fitilar kuma na bin inda ya nufa. Sai dai duk nauyinta a kan abin tuƙi yake, kuma duk iskar da ta bugi garkuwar sai ta iso hannunka. Idan ka zo wuce tirela a fili mai iska, za ka ji kan babur na motsi kamar wani na taɓa shi. A Road Glide kuwa a jikin firam aka kafe ta, mai dogon hanci, ba ta motsi ko ka juya kai. Iska na bugun jikin babur ne gaba ɗaya, hannu ya huta, tuƙi ya yi sauƙi. Amma tana da nisa da mai tuƙi, kuma sabon shiga kan rikice a ranakun farko, saboda yana juya hannu idonsa na ganin gaban babur bai juya ba. Ni dai, ga mai bin doguwar hanya, hujjar ta biyu ta fi ƙarfi a wurina. Masu fiffiken jemage kuwa abin da suke riƙe da shi siffa ce da aka sani fiye da shekara 50, wadda ko daga nesa aka hango ta an san gidan da ta fito, kuma a wannan harka siffa ba ƙaramin abu ba ce.

Gajeren gilashin Street Glide ma ya zo da nasa haraji. Iskar da ta haye shi takan karye daidai kan mai tuƙi, ta riƙa kaɗa masa hular kwano har ganinsa ya riƙa rawa. Nan ma gareji ne ya fara magani: Klock ya ƙera gilashi mai lanƙwasa a sama da ke cilla iskar ta haye kai. A samfurin 2014 Harley ya huda kafa a jikin garkuwar, a ƙarƙashin gilashi, don iska ta ratsa ta daidaita matsin da ke bayanta.

Injin shi ne ran abin. Silinda biyu ne a tsaye kamar harafin V, da kusurwar digiri 45 a tsakaninsu, tsarin da kamfanin ya fara gwadawa tun 1909. Sandunan fistan biyun a kan fil guda na karanshaf suke, shi ya sa bugunsu ba ya zuwa a kan tazara ɗaya: wannan ya buga, karanshaf ya juya digiri 315 ɗayan ya buga, sannan ya juya digiri 405 kafin na farkon ya sake. Wannan ɗingishin ne ke ba da ƙarar da aka san Harley da ita, wadda kamfanin ya nemi yi wa rajista a 1994, ya janye a 2000 bayan sauran kamfanoni sun yi ta ƙalubalantarsa. Injin yau, Milwaukee-Eight, ya fito ne a samfurin 2017, da bawul huɗu a kowace silinda. Wanda ke cikin Street Glide na 2024 cc 1,923 ne, wato ya ninka injin Boxer na 'yan acaba kusan sau 19, amma ƙarfin dokinsa 105 ne, alhali babur ɗin tsere mai cc 1,000 kan kai 200. Ƙarfinsa a wajen ja yake, kuma tun inji na juyawa a hankali yake bayar da shi. Kana giya ta shida, da fasinja da kaya, ka murɗa mai kaɗan, sai ka ji an tura ka gaba ba tare da ka sauke giya ba. Bel ne ke juya tayar baya, babu sarƙar da za a riƙa shafa wa mai. Tanki na cin lita 22.7, abin da kan kai mutum fiye da kilomita 350 kafin ya nemi gidan mai.

A kan ƙarar nan akwai abin faɗa. Abu na farko da yawancin masu saye ke canzawa shi ne salansa, daga nan sai a taɓa kwamfutar injin don ta dace da ita. A 2016 hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa Harley ya biya tarar dala miliyan 12 saboda sayar da na'urorin sauya saitin inji kimanin 340,000 da ke ƙara gurɓata iska. Ƙarar da ke faranta wa mai babur rai a fili, maƙwabcinsa mai jariri ne ke biyan kuɗinta da tsakar dare, kuma ban ga adon da ya halatta wannan ba.

Sai nauyi. Street Glide da mai a cikinsa ya haura kilo 360. Kujerarsa a ƙasa take, kimanin santimita 70, don haka ko mutum ba dogo ba ne ƙafarsa na taka ƙasa, kuma da zarar taya ta fara juyawa nauyin kan ɓace. Wahalar tana wurin tafiyar hawainiya: juyawa a ƙuntataccen wuri, tsakuwa a bakin gidan mai, ko damƙe birkin gaba alhali kan babur na karkace. Da ya wuce wani mizani na karkata, babu ƙarfin da zai tare shi. Shi ya sa ake koya wa masu shi yadda ake ɗaga shi. Ka kashe inji, ka tabbatar yana cikin giya don kada ya gangara. In ta dama ya faɗi, ka fara buɗe ƙafar jingina shi da ke hagu. Sannan ka juya masa baya, ka tsuguna ka manna ƙugunka a gefen kujera, hannu ɗaya ya kama kan babur, ɗaya ya kama ƙarfen da ke wajen madigadin baya, ka riƙa turawa da ƙafafu taku kaɗan-kaɗan har ya miƙe. Cinya ce ke aikin, kuma da wannan dabara mace marar jiki kan ɗaga shi.

Akwai zafi kuma. Silindar baya ba ta samun iska kamar ta gaba, kuma tana daf da cinyar mai tuƙi, don haka a cunkoso lokacin bazara abin ba daɗi. An sa tsarin da ke kashe silindar baya idan babur na tsaye, daga baya aka fara zagaya kan silinda da ruwa. Amma inda ado ya fi cin tafiya shi ne shokazobar baya. Don bayan babur ya durƙusa ya yi kyau, an gajarta ta har motsinta bai fi inci 2 da ɗan wani abu ba. A kan shimfiɗaɗɗen titi ba ka jin komai. Ka faɗa rami, sai ƙashin bayanka ya karɓa. Sai a 2024 aka ƙara shi zuwa inci 3. Kwana ma tana da iyaka: da ka kwantar da shi ya ɗan haura digiri 30, allon ƙafa zai fara kartar kwalta.

Bayan 2006 masu gareji ba su tsaya ba, sai ma suka zarce. Aka fara sa tayar gaba mai inci 21, aka koma 23, aka koma 26, har aka kai 30. Taya mai inci 26 ko 30 ba ta shiga sai an sare wuyan firam an sake walda shi a wata kusurwa. Aka miƙa akwatunan baya har suna neman jan ƙasa, aka sa shokazoba mai iska wadda idan an tsaya aka saki iskar babur ke kwanciya a kan cikinsa. Aka cika garkuwa da murafun akwatuna da lasifika, har ana gasar wanda sautinsa ya fi ƙarfi da tsabta. Paul Yaffe na birnin Phoenix na cikin waɗanda suka gina sana'a sukutum a kan sayar da irin waɗannan kaya. Ba na raina wannan aiki. Fentin da ake yi shafi a kan shafi, da zanen da ake sassaƙawa a jikin ƙarfe da hannu, sana'a ce ta gaske mai cin watanni, kuma kuɗinta kan zarce kuɗin babur ɗin kansa. Amma idan amfilifaya da batir suka cinye akwatin da aka yi don kaya, tayar kuma ta hana shan kwana, to an bar tafiya. Da yawa daga irin waɗannan a bayan mota ake jawo su zuwa Sturgis, a sauke su a bakin gari.

Wannan al'ada ba ta farar fata kaɗai ba ce, ko da yake hotunan talla sun daɗe suna nuna haka. Tun a shekarun 1930 da 1940 Bessie Stringfield, baƙar fata, ta ratsa Amurka ita kaɗai a kan Harley har sau takwas, a zamanin da masaukai da yawa ba sa karɓar irinta. In ba ta samu gidan da zai sauke ta ba, a kan babur ɗinta take kwana a gidan mai. Ƙungiyar East Bay Dragons ta baƙaƙen fata a Oakland tun 1959 take. A Atlantic Beach ta jihar Carolina ta Kudu baƙaƙen fata masu babur na taruwa duk shekara tun 1980, kuma a irin waɗannan taruka ne manyan tayoyi da sauti suka samu kasuwa sosai. 'Yan asalin Meziko da ke Kalifoniya su kuma suna da nasu salo, wanda suka ɗauko daga motocinsu masu jan ciki: dogayen salansa masu bakin wutsiyar kifi, taya mai wayoyi da farin gefe, da sassaƙa a kan ƙarfe.

Me ke sa mutum ya zuba wannan kuɗi? Wani ɓangare na amsar a jiki yake. Zama ne a miƙe, ƙafa a gaba, hannu a sake, ga na'urar riƙe gudu don hannun dama ya huta, ga allon taɓawa mai inci 12.3 da taswira da waƙa. Akwatunan biyu na ɗaukar lita 60 da wani abu, suna kulluwa, ruwa ba ya shiga, kuma tun 2014 murfinsu na buɗuwa da hannu ɗaya kana zaune a kan kujera. Rigar ruwa, kayan sawa na 'yan kwanaki, ɗan akwatin sifana, shi ke nan ka kama hanya. Kana jin sanyin kwari da zafin fili da ƙamshin gona a jikinka, abin da mai mota ba ya samu, amma ba ka isa masauki a ragargaje ba. Ɗaya ɓangaren kuma jama'a ne. Ƙungiyar masu Harley da kamfanin ya kafa a 1983 na da rassa a jikin dilolinsa, wanda ya sayi babur ya sayi abokan tafiya. A cikin ayari na babura ɗari iri ɗaya kuwa kowa na so a gane nasa, kuma faffaɗan jikin garkuwa da akwatuna fili ne na fenti da babu babur ɗin da ke da irinsa.

Kamfanoni sun gane haka sarai. A 1999 Harley ya buɗe sashen CVO, mai fitar da babura ƙalilan da inji mafi girma da fenti na musamman, kuma a nan ake fara gwada sabon abu: siffar da aka gani a CVO na 2023 mai inji cc 1,977 ita ce ta sauko kan Street Glide da Road Glide na kowa a 2024. Indian, wanda aka kafa a 1901 ya durƙushe a 1953, ya dawo a hannun Polaris da Chieftain a 2013, sannan Challenger a 2019, mai inji mai sanyaya da ruwa da garkuwa a jikin firam. Honda ta sauke wa Gold Wing akwatin sama ta yanke gilashinsa a 2013 ta kira shi F6B. BMW ta Jamus ta shigo da K 1600 B a 2017 da R 18 B a 2021. Ana iya tambaya ko abin da aka ƙera dubbai iri ɗaya ya cancanci a kira shi na musamman. Masu saye sun ba da amsa a aikace: ko CVO mutum ya saya, da wuya ya bar shi yadda ya fito, sai ya canza kan babur ko kujera ko salansa.

Juyin da ya fi faranta mini rai na baya-bayan nan ne. Wasu masu gareji a Kalifoniya sun fara bin hanyar da ta saɓa wa ta masu manyan tayoyi: su ɗaga bayan babur da doguwar shokazoba, su sa birki mai ƙarfi, su rage nauyi, don ya sha kwana a hanyoyin duwatsu. A watan Oktoba na 2020 hukumar tsere ta MotoAmerica ta shirya tseren babura masu jaka a filin Laguna Seca, ta sa masa suna King of the Baggers. Mutane da yawa abin dariya suka zo kallo. Tyler O'Hara ya ci a kan Indian Challenger, a shekara ta gaba abin ya zama gasa mai zagaye-zagaye, Kyle Wyman ya lashe ta a kan Road Glide. Doka ta ce dole babur ya riƙe garkuwarsa da akwatunansa, kuma kada nauyinsa ya gaza kimanin kilo 280. Da wannan jiki suke haura kilomita 290 a awa a filin Daytona. Baburan da Harley da Indian ke shiga gasar da su duk masu garkuwa a jikin firam ne. Abin da aka koya a filin ya koma shago, har Harley ya fitar da CVO Road Glide ST a 2024 a kan wannan salo. A nan abin da ke sa a kalli babur shi ne kuma ke sa ya yi daɗin tuƙi, shi ya sa nake ganin wannan ne karo na farko da adon bai ci kuɗin tafiyar ba.

Matsalar da ta rage ta kuɗi ce da ta shekaru. Street Glide na 2024 ya fito a kan kusan dala 26,000, CVO kuma ya haura 40,000. A 2006 Harley ya fitar da babura kusan 350,000. A 2024 bai kai rabin haka ba. Mutanen da suka ɗaga wannan babur suna tsufa, 'ya'yansu kuma na fama da bashin karatu da kuɗin haya. A 2022 kamfanin ya gwada Low Rider ST, ƙarami mai sauƙin nauyi da kuɗi, da garkuwa a jikin firam da 'yan akwatuna da aka ɗaga sama don kada su taɓa ƙasa a kwana. Matasa da yawa kuwa na hannu suke saye, tsohon Road Glide ko Street Glide mai shekara goma, su kai shi gareji, kuma cikin abubuwan farko da suke sa makanike ya cire akwai gajeriyar shokazobar baya.